Kafafen Sada Zumunta, Labaran Ƙarya Da Rayuwar Jama'a: Darasi Daga Simsim Da Gadarif A Sudan

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Simsim yanki ne na noma a kudancin birnin Gadarif, a gabashin ƙasar Sudan, wajen iyaka da Habasha. Sunan da Larabci yana nufin riɗi, kuma riɗi da dawa su ne arzikin wurin. Tun shekarar 1968, lokacin da aka fara shirin noman injina a can da rancen Bankin Duniya, aka yanka dajin zuwa manyan gonaki na damina, inda dubban 'yan ƙwadago ke zuwa noma da girbi kowace shekara. Hausawa na daga cikin mazauna jihar Gadarif tun da daɗewa. Wasu jikokin mahajjata ne da suka yada zango a hanyar Makka, wasu kuma zuriyar waɗanda suka yi hijira ne bayan yaƙin Burmi na 1903, wato jama'ar da Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya jagoranta zuwa bakin kogin Nilu.

Mun zaɓi wannan yanki ne domin bayanin yadda kafafen sada zumunta da labaran ƙarya ke taɓa mulki da zamantakewa, saboda a can abin ya wuce zancen fatar baki. A cikin 'yan shekaru, waya ta tara mutanen Sudan suka kawar da mulkin shekara talatin, ta kuma taimaka wajen hura wutar da ta ci ɗaruruwan rayuka, cikinsu har da manoma masu magana da harshenmu.

Ma'anar kalmomi

Kafafen sada zumunta su ne manhajojin da ke bai wa kowa damar wallafa magana, hoto, murya ko bidiyo ga jama'a ba tare da ya bi ta hannun edita ba, irin su Facebook, WhatsApp, TikTok, X da YouTube. Labarin da ba daidai ba kuwa iri uku ne, kuma bambanta su yana da amfani.

Na farko kuskure ne: mutum ya tura abin da ba gaskiya ba ne alhali ya ɗauka gaskiya ne, kamar mai tura tsohon hoton wata gobara yana zaton ta jiya ce. Na biyu ƙarya ce da gangan, wadda wani ya shirya domin ya yaudari jama'a, sau da yawa da kuɗi da ma'aikata da asusun bogi. Na uku gaskiya ce da aka cire daga muhallinta aka jefa don cutarwa, kamar bidiyon kisan da ya faru da gaske, amma aka yaɗa shi da kiran a ɗauki fansa a kan mutanen da ba su ji ba su gani ba. Kalaman ƙiyayya suna tafiya da dukkan ukun.

Idan muka ce dimokuraɗiyya da rayuwar jama'a, ba jefa ƙuri'a kaɗai muke nufi ba. Sudan ba ta yi babban zaɓe ba tun 2015. Muna nufin duk hanyoyin da mutane ke bi su yi shawara kan abin da ya shafe su: kwamitin unguwa, ƙungiyar manoma, majalisar dattawa, jarida, kotu, masallaci, da ikon talaka ya tambayi mai mulki ina aka kwana.

Dalilin da ya sa ƙarya ke saurin tafiya

Kamfanonin da suka mallaki waɗannan kafafe da talla suke samun kuɗi, talla kuwa tana bin tsawon lokacin da mutum ya ɓata yana kallon waya. Don haka aka tsara na'urorinsu su riƙa ɗaga abin da ya fi jan hankali da tsokaci da turawa. Abin da ke tayar da fushi ko tsoro ya fi samun waɗannan. A shekarar 2018 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun wallafa nazarin labarai kusan dubu 126 da suka yaɗu a Twitter, suka gano cewa labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu sake turawa da kashi 70 cikin ɗari, kuma na gaskiya yakan ɗauki ninki shida na lokaci kafin ya kai ga mutum 1,500. Sun kuma gano cewa mutane ne, ba na'urori ba, suka fi yin wannan aiki.

WhatsApp kuma tasa matsalar daban ce. Saƙonninsa a rufe suke, babu mai ganin abin da ke yawo a zaure sai 'yan zauren. Saƙon murya yana isa ga wanda bai iya karatu ba, kuma yana zuwa ne daga hannun ɗan'uwa ko malami ko abokin sana'a, wanda ba a saba tuhumarsa ba. Kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci ɗaya a 2019, sannan a 2020 ya mayar da saƙon da aka yawaita turawa zuwa wuri ɗaya. Wannan ya rage gudu, amma bai hana tafiya ba.

Akwai kuma batun harshe. Takardun cikin gida na Facebook da wata tsohuwar ma'aikaciyarsa, Frances Haugen, ta fitar a 2021 sun nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na abin da kamfanin ya ware don tantance labaran ƙarya Amurka yake tafiya, sauran duniya ta raba kashi 13. Zagin da aka yi da Larabcin Sudan ko da Hausa, balle wanda aka lulluɓe cikin habaici, yana iya kwana da kwanaki ba wanda ya taɓa shi.

Lokacin da waya ta tara jama'a

A watan Disamba na 2018 farashin burodi ya ninka sau uku a Sudan, zanga-zanga ta tashi a Damazin da Atbara, washegarin ta Atbara kuma ta isa Gadarif, inda aka kashe mutane tun a kwanakin farko. Ƙungiyar ƙwararrun ma'aikata ta Sudan ta riƙa fitar da jadawalin zanga-zanga a shafinta na Facebook, kwamitocin unguwanni suna isar da shi gida-gida. Gwamnati ta toshe Facebook da Twitter da WhatsApp daga 21 ga Disamba har ƙarshen Fabrairun 2019, amma matasa suka riƙa zagayewa ta manhajojin VPN. Ranar 6 ga Afrilu aka fara zaman dirshan a gaban hedikwatar soji a Hartum, ranar 11 ga wata sojoji suka sauke Umar al-Bashir.

Ranar 3 ga Yuni, 2019, jami'an tsaro suka tarwatsa zaman da ƙarfin bindiga, aka kashe fiye da mutum ɗari bisa ƙididdigar ƙungiyar likitoci, aka kuma katse intanet na sama da wata guda. Wani lauya mai suna Abdul'azim Hassan ya kai kamfanin sadarwa ƙara ya yi nasara, amma da farko layinsa kaɗai aka buɗe. Da intanet ya dawo a watan Yuli, bidiyoyin da mutane suka ɗauka ranar kisan suka bazu, suka zama shaidar da ba a iya shafewa ba. A watan Agusta aka kafa gwamnatin riƙon ƙwarya ta soji da farar hula, Abdallah Hamdok ya zama firaminista.

Wannan ɓangare ne da bai kamata mu manta da shi ba idan muna lissafa sharrin waya. A ƙasar da aka danne jarida, ita ce ta bai wa talaka murya.

Kajin intanet

Masu mulki ma sun koyi darasi. Tun zamanin al-Bashir hukumar leƙen asiri tana da sashen da ke sa ido da kuma yaɗa farfaganda a intanet, kuma mutanen Sudan suna kiran masu irin wannan aiki kajin intanet. A watan Oktoba na 2019 Facebook ya rufe wasu shafuka da ake sarrafawa daga Rasha, masu alaƙa da Yevgeny Prigozhin, mai rundunar Wagner, waɗanda ke shiga rigar kafafen labaran gida a Sudan da wasu ƙasashen Afirka. A 2021 ya rufe wani gungun da ke da alaƙa da magoya bayan tsohuwar gwamnati, sannan wani mai asusu da shafuka kusan dubu ɗaya da mabiya fiye da miliyan ɗaya, wanda aka danganta da rundunar RSF ta Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemedti.

Aikin irin waɗannan shafuka ba lallai ne su sa ka yarda da wata ƙarya guda ba. Ya ishe su su gajiyar da kai har ka ce duk 'yan siyasa ɗaya ne, duk labari ƙarya ne, gara mai bindiga ya riƙe ƙasa. Ranar 25 ga Oktoba, 2021, Janar Abdulfattah al-Burhan ya kifar da gwamnatin riƙon ƙwarya, aka sake katse intanet na fiye da mako uku.

Hausawa da tambayar ɗan ƙasa

A nan ne abin ya zo ƙofar gidan 'yan'uwanmu. Duk da cewa an ƙiyasta yawan Hausawan Sudan da miliyoyi, kuma kakanninsu a can aka binne su, har yau akwai masu kallonsu a matsayin baƙi. A shekarar 2008, tun kafin wayar zamani ta yawaita, wata jaridar Hartum ta jingina wa al-Bashir maganar cewa Hausawa ba 'yan Sudan ba ne. Fadar shugaban ta musanta, amma kafin nan zanga-zanga ta riga ta ɓarke a Gadarif da wasu biranen gabas. Layi kaɗan a jarida ɗaya ne ya yi wannan. Sai mu auna abin da dubban shafuka za su yi.

A watan Yuli na 2022 an gani. A jihar Nilul Azraƙ, wadda kafafen labarai ke kira Blue Nile, kuma ba ta da nisa da Gadarif, Hausawa sun nemi a ba su masarautar gargajiya tasu, abin da a tsarin Sudan yake da alaƙa da haƙƙin ƙasa da wakilci. Shugabannin wasu ƙabilun yankin suka ƙi. Taƙaddamar ta cakuɗe da gasar siyasa tsakanin ɓangarorin tsofaffin 'yan tawaye bayan yarjejeniyar Juba ta 2020. Kafin a fara faɗa, kafafen sada zumunta sun cika da kalaman ƙiyayya, har da kiran a ƙwace wa Hausawa takardar zama 'yan ƙasa da gonakinsu. Da aka kashe wani manomi, sai wuta ta kama a Rusairis da Damazin da kewaye. Fiye da mutum ɗari suka mutu a wannan watan. A watan Oktoba faɗa ya sake tashi a Wad al-Mahi. Ofishin jinƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙidaya aƙalla mutum 359 da aka kashe tsakanin Yuli da Oktoba, da kusan dubu 97 da suka rasa matsuguni.

Hotunan gawarwaki sun isa kowace waya a ƙasar cikin sa'o'i. Hausawa suka fito zanga-zanga a Hartum, Port Sudan, El Obeid da jihar Gadarif, inda aka tare babbar hanya. A Kassala, ranar 18 ga Yuli, zanga-zangar ta rikiɗe aka ƙona ofisoshin gwamnati da shaguna. Waya ɗaya ce ta sanar da duniya zaluncin da aka yi, ita ce kuma ta kai fushin inda ya taɓa waɗanda ba su da hannu.

Darasin da muke ɗauka shi ne cewa intanet bai ƙirƙiri rikicin ba. Rigimar gona, rashin adalcin hukuma da tsohon raini duk sun riga shi. Abin da ya yi shi ne ya rage tazarar da ke tsakanin jin labari da ɗaukar makami, tazarar da a dā dattawa ke amfani da ita su shiga tsakani. Mu a Najeriya mun san wannan. A watan Yunin 2018, lokacin rikicin Gashish a jihar Filato, hotunan da aka yaɗa a Facebook, cikinsu har da wanda aka ɗauka a Kongo shekaru da suka wuce, sun taimaka wajen tunzura matasan da suka tare hanya suka kashe matafiya Musulmi, kamar yadda binciken BBC ya nuna.

Zamanin yaƙi

Ranar 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da RSF. Gidajen jarida da yawa a Hartum sun rufe, 'yan jarida suka watse, sai kowane ɓangare ya mayar da intanet fagen daga na biyu. An yi ta yaɗa tsofaffin bidiyoyi daga wasu ƙasashe a matsayin na jiya. An shafe watanni ana jita-jitar mutuwar Hemedti. A watan Oktoba na 2023 BBC ta bankaɗo wani shafin TikTok da ke wallafa muryoyin da ake cewa na al-Bashir ne, alhali an sarrafa su ne da ƙirƙirarriyar basira daga muryar wani mutum daban, kuma dubban ɗaruruwa sun saurara.

Jihar Gadarif ta kasance a hannun sojoji, ta kuma karɓi ɗimbin 'yan gudun hijira bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar 2023 da Sinja a tsakiyar 2024, ƙari a kan 'yan Habasha da ke sansanonin Um Rakuba da Tunaidba tun rikicin Tigray. A irin wannan hali jita-jita tana da farashi na zahiri. Saƙon murya ɗaya da ke cewa mayaƙa sun kusa yana iya sa manomi ya bar riɗinsa a tsaye, riɗi kuwa idan ya nuna ba ya jira, sai ya fashe ya zube. Zargin cewa wane ɗan leƙen asiri ne yana iya jefa ɗan ƙwadago a hannun jami'ai saboda launin fatarsa ko garin da ya fito. A watan Janairun 2025, bayan sojoji sun karɓe Wad Madani, an kai hare-hare a kan mazauna sansanonin ma'aikatan gona a jihar Jazira bisa zargin taimakon RSF. Bidiyoyin kashe wasu 'yan Sudan ta Kudu da aka yaɗa a lokacin sun haddasa tarzoma a Juba da wasu garuruwa, inda aka kashe 'yan Sudan 16, har gwamnatin can ta ba da umarnin rufe kafafen sada zumunta na ɗan lokaci.

Duk da haka, da waya mutane suka rayu. Ɗakunan agajin gaggawa, waɗanda suka tsiro daga kwamitocin unguwanni, ta WhatsApp da Facebook suke tara gudummawa, su nemo magani, su nuna hanyar da babu shinge. Kuɗi kuwa ta manhajar Bankak ta Bankin Hartum suke zuwa daga 'yan'uwa na waje.

Shin katse intanet magani ne?

A watan Fabrairun 2024 layukan manyan kamfanonin sadarwa uku, Zain da MTN da Sudani, suka ɗauke a kusan duk ƙasar, aka ɗora alhakin a kan RSF da ke riƙe da cibiyoyinsu a Hartum. Nan take Bankak ta tsaya, ɗakunan girkin sadaka da dama suka rufe, iyalai suka rasa labarin juna. Jita-jita kuwa ba ta tsaya ba, ta koma baki da baki, inda babu ma hanyar bincike. A watan Yulin 2025 hukumomi sun toshe kiran murya da na bidiyo a WhatsApp bisa dalilin tsaro.

Doka ma tana da kaifi biyu. A 2020 Sudan ta ƙara hukuncin yaɗa labarin ƙarya a dokar laifukan intanet daga shekara ɗaya zuwa huɗu a gidan yari. Tun da mai mulki ne ke fassara abin da ake kira ƙarya, sau da yawa 'yan jarida da masu suka ne irin wannan doka ke fara kamawa. Kamfanoni kuma sukan makara: sai a watan Agustan 2023 Meta ya rufe shafukan RSF, X kuwa sai a Oktoban 2024 ya dakatar da asusun Hemedti.

Abin da ya rage a hannunmu

Wannan fanni ba baƙo ba ne ga ɗalibin ilimi. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta wajabta bincike kafin aiki da labarin wanda ba a amince da shi ba, kuma malaman tafsiri sun ambaci cewa ta sauka ne kan rahoton kuskure da ya kusa jawo a yaƙi Banu Musɗaliƙ. Suratun Nur ta ba da labarin ƙazafin da aka yi wa Uwar Muminai A'isha (RA), ta kuma zargi waɗanda suka riƙa karɓar maganar suna miƙawa, ba wanda ya ƙago ta kaɗai ba. Aya ta 83 a Suratun Nisa'i ta yi magana musamman kan masu gaggawar watsa labarin tsaro ko na tsoro maimakon mayar da shi ga masana. Malaman hadisi kuma sun gina ilimi sukutum a kan tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji.

A aikace, muna ba 'yan'uwa shawarar waɗannan matakai:

1. Mu nemi asalin labari. Saƙon da ba shi da suna, wuri da rana, mu ɗauke shi kamar ruwayar da ba ta da isnadi.

2. Mu binciki hoto kafin mu gaskata. Google Lens da makamantansa suna nuna inda hoto ya fara fitowa. Akwai kuma masu aikin tantancewa, irin su Beam Reports a Sudan da Dubawa a Najeriya.

3. Idan saƙo ya sa jininmu ya tafasa, mu dakata. Mai shirya ƙarya wannan fushin yake nema.

4. Kada mu tura hoton gawa ko sunan wanda ake zargi zuwa zaure, ko da abin gaskiya ne. A ajiye shaida, a miƙa ta ga lauyoyi, 'yan jarida ko masu kare haƙƙi.

5. Duk maganar da ta ɗora laifin mutum ɗaya a kan ƙabila ko addini gaba ɗaya, mu ƙi ta, ko da a kan waɗanda suka zalunce mu aka yi ta.

6. Wanda ya tura kuskure ya koma zauren da ya tura ya gyara a fili.

7. Shugabannin zaurukan WhatsApp su san cewa amana ce a wuyansu. Kwamitin masallaci ya ware mutum biyu ko uku masu natsuwa da sanin waya, waɗanda za a riƙa tambaya idan labari ya tashi, kuma su kasance suna da lambobin shugabannin maƙwabta na wasu ƙabilu da addinai tun kafin rana ta ɓaci.

Shawara ba ta yiwuwa sai mutane sun yarda da wasu abubuwa a matsayin gaskiya, sun kuma yarda cewa wanda ke gefensu yana da haƙƙin zama a wurin. Waɗannan biyun ne labaran ƙarya suka fi ci a Sudan, kuma manomin Simsim da ke jiran labarin hanya kafin ya ɗora buhunansa zuwa kasuwar Gadarif yana cikin masu biyan kuɗin. Zaɓuɓɓuka da rigingimun gona suna gabanmu a Najeriya da Nijar, wayoyin kuma iri ɗaya ne.

Allah Ya kawo wa 'yan'uwanmu na Sudan zaman lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya tsare harsunanmu da yatsunmu daga abin da za mu yi nadama a kansa. Amin.